Shekarar da Na Koyi Tuƙa Dattijuwa

Ɗana Ishaya ne ya ja na rubuta wannan babi. A Kirsimetin da ya wuce ina kicin ina jin sa a falo yana ba matarsa labari, wai bayan rasuwar babansu dangin miji sun taso za su ƙwace motar gida, ni kuma na tsaya na hana. Ya faɗe shi da ƙarfin gwiwa kamar da shi aka yi, alhali a shekarar ko mazagin wandonsa bai iya ɗaurewa ba. Na yi shiru saboda baƙi, amma abin ya tsaya mini a rai. Babu wanda ya zo ƙwace. Baba Iliya, yayan babanku, mutum ne mai taurin kai, ni ma kun san ba baya ba ce a nan, amma ko cokalin gidan nan bai taɓa ɗauka ba. Ga yadda aka yi, ku karanta ku daina ɓata sunan wanda ba ya nan balle ya kare kansa.

Motar dai ƙarama ce mai ƙofa huɗu, ruwan madara, giyarta a jikin sitiyari. A gwanjon ma'aikatarsu babanku ya saye ta, ta riga ta sha hanya kafin ta zo hannunmu. Shi ya sa mata suna Dattijuwa, don ba ta son a yi mata gaggawa da safe. Sai ka ja cok don inji ya sha mai sosai, ka taka totur sau biyu, ka murɗa makulli, sannan ka zauna ka jira ta gama tarinta. Ƙofar baya ta hagu daga waje kawai take buɗuwa, shi ya sa Hannatu kullum can ake sa ta, don ita ce mai ƙiriniya. Duk da haka a layinmu na Kawo babu motar da ta kai ta daraja, don ita kaɗai ce. Kowace safiya babanku zai sauke ku makaranta, ya wuce da ni Rigachikun inda nake koyarwa a firamare, sannan ya juyo zuwa ofis. Shekara da shekaru ina zaune a gefensa, jakata a cinya, ban taɓa tambayarsa abin da ƙafafunsa ke yi a ƙasa ba.

Farkon damina ya kwanta, kwana tara kacal. Ba zan maimaita wannan ba, na rubuta shi a baya kuma ya ishe ni. Bayan an binne shi a ƙauyenmu can bayan Saminaka, dangi suka biyo mu Kaduna don a zauna a kan abin da ya bari. Falon nan ya cika da maza, ni ina kan tabarma ta bakin ƙofa cikin baƙaƙen kaya. Baba Iliya ne ya yi magana, shi ne babba.

"Matarmu, gida naki ne da yara, babu mai taɓa shi. Amma mota ba kujera ba ce da za a ajiye a falo. In ta zauna babu direba, lalacewa za ta yi. Za mu tafi da ita gida, yaronmu Bulus ya riƙa tuƙa ta."

Na ce, "Akwai direba, Baba."

"Wa? Ɗanki Ɗanjuma ko shekara sha biyu bai cika ba."

"Ni."

Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai saboda kunyar abin da na faɗa. Shi bai yi dariya ba. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce:

"To. Bayan girbi zan dawo da Bulus. In na tarar da direba, shi ke nan. In ban tarar ba, kada ki ce na zalunce ki."

Kun sha tambayata me ya sa na faɗi haka. Nakan ce muku saboda makaranta ne, yara huɗu da aikin Rigachikun ba su yiwuwa a motar haya, kuma gaskiya ne. Amma akwai wadda ban taɓa faɗa ba. Kujerar direban ta lotsa daidai jikin babanku, kuma ba zan iya tsayawa a ƙofar gida in ga wani ya zauna a wurin ya ja ta ya tafi ba. Sai kuma dariyar da aka yi mini. Wannan ta ƙona mini rai ƙwarai.

Gidan da ke kallon namu na Malam Isiyaku ne, tsohon direban gwamnati da ya yi ritaya, wanda ake cewa ya gama aikinsa bai taɓa goge ko fenti ba. Shi da babanku abokan bonet ne, duk Asabar kawunansu na cikin inji suna gardama a kan fulogi. Ban tunkare shi kai tsaye ba, na bi ta wajen matarsa Hajiya Laraba, wadda muke aron turmi da gishiri a tsakaninmu. Washegari ta dawo mini da amsa, wai ya yarda, amma sai na cika wata huɗu da kwana goma. Na ce mata Hajiya mu ai ba ma takaba irin taku. Ta koma ta dawo ta ce wai ya sani, amma shi bai san wata hanyar girmama abokinsa ba sai wannan. Na ƙirga da yatsu na ga abin da zai rage mini kafin a gama girbi bai fi wata biyu da 'yan kwanaki ba, na ji kamar in yi ihu. Haka na haƙura. Duk tsawon daminar nan Hajiya ke zuwa da safe ta karɓi makulli, shi kuma ya tayar da injin ya bar shi ya yi ɗumi, ya kashe, ta dawo mini da makullina.

Da ranar ta cika sai ga sauran sharuɗɗan. Ba zai zauna a gefena ba, a baya zai zauna. Hajiya ce za ta zauna gaba. Kuma saboda kunyar matar aboki, ba zai yi mini magana kai tsaye ba. Bayan la'asar ya kai mu wani filin ƙwallo da ke hanyar Rigachikun, muka sauya wuri, na zauna a kujerar babanku karon farko, ƙafata ma da ƙyar take kai ƙasa sai da aka sa mini matashi a baya.

Ya ce, "Hajiya, ce mata ta taka kuloci."

Hajiya ta juyo ta ɗaga murya, "Maman Rifkatu, wai ki taka kuloci!"

"Ina jin sa, Hajiya, ai a bayana yake."

"To ni dai aka ba saƙo."

Haka muka yi karatun nan daga farko har ƙarshe. In ana so a nuna mini inda giya take, sai ya kwatanta wa Hajiya, ita ta kama hannuna ta kai shi inda take zaton ya ce, ita da ba ta taɓa riƙe sitiyari ba. Ga ta da tsoro. Malam zai ce a hankali ta ƙara wuta, kafin saƙon ya iso gare ni Hajiya ta hango akuya a ƙarshen fili ta ƙwala salati ta ce in tsaya. Dattijuwa kuwa ta yi ta zabura tana mutuwa, tana zabura tana mutuwa, masu ƙwallo suka daina wasa suka koma kallonmu. A mako na biyu na juya kan mota da gudu, na nemi birki na taka totur, sai ji muka yi ƙum, na ɗauki wani suri da ke bakin fili. Fitilar dama ta fashe, gefen ya lotsa. Na kifa kai a sitiyari na yi kukan da ban yi ba tun ranar jana'iza, na ce na fasa, Baba Iliya ya zo ya ɗauki abinsa. Malam ya jira Hajiya ta zagayo ta buɗe masa ƙofar hagun nan, ya fita ya duƙa ya duba wurin, ya shafa, ya dawo ya zauna.

"Hajiya, ce mata mijinta ma nan gefen ya fara bugawa, a jikin katangar coci. Ni na gyara, ya roƙe ni kada ta ji."

Hajiya ba ta ma isar da saƙon ba, dariya ta ci ƙarfinta. Ni ma sai na tsinci kaina ina dariya da hawaye a fuska, don na tuna ranar da babanku ya dawo a ƙafa ya ce an kai mota wanki, wankin da ya ɗauki kwana uku. Na share fuska na sa ribas.

Kada ku zaci unguwa ta yi mini tafi. Masu zama wajen mai shayi suna ganinmu za su fara yi wa juna ido. A zumuntar mata aka fara cewa ko shekara mijina bai yi a ƙasa ba ina yawo a mota da baƙaƙen kaya, har aka turo mini dattijai mata biyu su yi mini nasiha. Na ba su kujera, na ba su ruwa, na saurare su har suka gama, na ce na gode, da la'asar na ɗauki makulli. Ɗayarsu ba ta ƙara amsa gaisuwata da kyau ba har ta bar Kawo, kuma aminiyata ce tun muna amare. Wannan ya yi mini ciwo, har yanzu in na tuna yana yi mini. Amma daga fili muka hau titi, daga titi muka shiga gari, na koyi shataletale, na koyi tsayawa a gangara, na koyi duba ruwa da baƙin mai kafin in tayar. Na je na yi gwaji aka ba ni lasin. Abu ɗaya ne ban lura da shi ba, ban taɓa motsa motar nan ko taku ɗaya ba sai da muryar Malam a bayana da ta Hajiya a kunnena.

Saƙo ya zo cewa Baba Iliya zai sauka a tashar Kawo ranar Talata da rana. Talata kuwa ranar kasuwa ce, titin ba ya shiguwa. Na shirya na tsallaka gidan Malam in ce su fito mu je tarye. Yana zaune a kan buzunsa a zaure, ko motsi bai yi ba.

"Hajiya, ce mata yau babu ni, babu ke. Direba aka ce za a zo gani, ba 'yan rakiya ba."

Na tafi ni kaɗai. Zuwa dai na isa lafiya. Na same su a bakin rumfa, Baba Iliya da buhun sabuwar masara, Bulus a gefensa, ƙato ne direban a-kori-kura, har ya riga ya naɗe hannun riga. Na durƙusa na gaishe su, na buɗe but aka sa buhu. Baba Iliya ya ga fitilar da aka sauya, ya ga lotsawar da ba ta gama fita ba, ya shiga gaba. Bulus ya shiga baya. Fitar tashar a lokacin hawa ce kafin ka kama titi, kuma dole ka tsaya a tsakiyar hawan ka jira hanya. Na tsaya. Da hanya ta samu na saki kuloci da sauri, Dattijuwa ta yi tari ɗaya ta mutu, ta fara sulalewa baya inda wata bas ke manne da ni. Na danne birki da ƙafa biyu. Direban bas ya kwanta a kan oda, 'yan kamasho suka taso suna dukan but.

"Kai, mace ce! Madam, je ki kira maigida!"

Bulus ya ce, "Anti, kawo in fitar mana da ita."

Ya kama ƙofa zai fita, sai Allah ya sa a gefen hagu ya zauna, ta ƙi buɗuwa. Ni kuwa kaina ya ɗauke gaba ɗaya. Duk abin da na koya na sani, amma ƙafata ta ƙi motsi, sai can na gane jira nake a faɗa mini. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Hajiya, ce mata ta ja birkin hannu. Wai ki ja birkin hannu! Hajiya, ce mata ta taka kuloci ta tayar. Wai ki tayar! Ce mata ta saki a hankali har ta ji gaban ya ɗaga."

Na yi muryar Malam ƙasa-ƙasa, na yi ta Hajiya da ƙarfi, ina yi ina aikatawa. Baba Iliya ya waiwaya baya yana neman Hajiyar da nake magana da ita, bai ga kowa ba sai Bulus yana kokawa da ƙofa. Gaban motar ya ɗaga, na sauke birkin hannu, muka hau titi sumul ko tari ba ta yi ba. Na ji wani ɗan kamasho a baya yana cewa wallahi ta iya. Ban taɓa jin daɗin yabo irin na wannan ranar ba, kuma daga bakin wanda ya gama zagina.

A gida na ɗauka magana ta ƙare. Sai bayan sun ci abinci, kuna wasa a tsakar gida, Baba Iliya ya kira ni.

"Matarmu, na gani, kin yi ƙoƙari. Amma tuƙin gari daban, na hanya daban. Ni ba don kaina nake son motar nan ba, ina da kekena. Mama ce. Kin san duk ƙarshen wata mijinki Yakubu yakan je ya duba ta. Tun da aka binne shi ba ta da magana sai ta motar nan, ina take, yaushe za ta zo. Na yi mata alkawari zan kawo mata. Gobe za mu tafi da ita."

Kaka Tabita yake nufi, mahaifiyarsu, wadda idonta ya riga ya mutu a lokacin. Jikina ya yi sanyi, don duk watannin nan ina faɗa da mutumin da na ɗauka kwaɗayi ne ya kawo shi, ashe saƙon uwa ya ɗauko. Amma ban iya sakin makullin ba.

Na ce, "To Baba, in dai zuwa za ta yi, ni zan kai ta."

"Kin taɓa wuce Rigachikun?"

"Gobe zan wuce."

Da sassafe na bar ku wajen Hajiya. Malam ya duba tayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya cika mini jarkar ruwa, ya sa Hajiya ta ce mini kada in yi tsere da tirela ko da ina da gaskiya. Muka kama hanyar Zariya, muka karya a mararraba muka miƙi hanyar Saminaka. Duk tirelar da ta taho sai in ji iskarta ta tura mu gefe, in ƙanƙame sitiyari har yatsuna su sage. Bayan Pambeguwa allurar zafi ta hau, na sauka gefe na buɗe bonet, Bulus ya taho da jarka zai kwance murfin lagireto nan take, na ce masa ya dakata ta huce tukuna in ba so yake ya ƙone fuska ba. Ya dube ni, ya ajiye jarkar. Baba Iliya kuwa duk tafiyar, in mun zo rami sai ya nuna da yatsa. Ban sani ba a ranar cewa hanyar nan zan yi ta bi duk ƙarshen wata har shekara tara, damina da rani, in bar taron zumunta da bukukuwan ƙawaye, in dawo Lahadi da yamma bayana kamar zai tsinke, Litinin in tsaya gaban allo. Ciwon bayan da kuke kai ni asibiti a kansa yanzu, a can na samo shi, kuma ba na da-na-sani.

Rana ta karkata muka bar kwalta muka shiga jar hanyar ƙauye. Tun daga gangaren rafi ƙarar Dattijuwa ke isa cikin gari, don salansarta ta daɗe da hujewa. Da muka shawo kwanar gidan sai na hango tsohuwa ta riga ta fito ƙofa, sanda a hannu ɗaya, ɗaya hannun tana laluben iska, tana sauri irin wanda ban san tana iyawa ba.

"Yakubu! Yakubu!"

Na taka birki na kashe inji. Babu wanda ya iya fita. Baba Iliya ya rufe fuska da hularsa. Ta iso ta dafa bonet da zafinsa, ta bi jikin motar da hannu har ta zo tagar direba, ta miƙo hannu ciki. Ta taɓa ɗankwalina, ta sauko goshina, ta shafa kumatuna da suka jiƙe. Ta daɗe a haka.

"Saratu?"

"Ni ce, Mama."

"Wa ya tuƙo?"

Baba Iliya ya sauke hula ya ce, "Ita ce, Mama. Tun daga Kaduna. Ga motar na kawo miki kamar yadda na ce, za a bar ta a nan."

Ta juya fuska wajen muryarsa, hannunta bai bar kumatuna ba.

"Iliya, ni me zan yi da mota? Gani nake ko zuwa wani wuri nake? Abin da nake jira ke nan, in ji ta tana tahowa daga rafi. In ta zauna a nan, ta ina zan ji zuwanta?"

Mutane sun taru sun kewaye mu. Baba Iliya ya fita, ya zagayo ta gaban motar a hankali, ya janye mahaifiyarsa gefe kaɗan, ya buɗe mini ƙofa da hannunsa. Na miƙa masa makulli don ban san abin da ya kamata in yi ba. Ya tura hannuna baya, ya juya wajen matan gidan.

"Me kuke kallo? Ku kawo wa direba ruwa."